Auduga Aka Nema, Gyaɗa Ta Zo

A shekarar 1912 jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano, kuma waɗanda suka fi ɗokin zuwansa su ne masu masaƙun Ingila. Tun 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta don neman auduga a ƙasashen da suka mallaka, suka dasa injin gurza a Zariya. Suna da hujja, domin tun 1851 Bature matafiyi Barth ya ga yadda tufafin Kano ke ratsa Sahara, kuma ƙasar da ke saƙa haka dole tana da kaɗa. Amma da kaka ta yi, buhunan gyaɗa ne suka cika tashar Kano har taragu suka gaza. Gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Babu Baturen da ya ba da umarni. To wa ya juya akalar manomin Dutse, da Ringim, da Gaya?

Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi sawun zancen a littafinsa na 1978, ya fara da farashi. BCGA na sayen laba ɗaya ta auduga a kan kusan kwabo ɗaya, alhali masu kaɗi da masaƙan gida na biyan fiye da haka. Audugar tana nan, a gida take tsayawa. Wannan ya bayyana rashin fitarta, amma bai faɗi dalilin zaɓen gyaɗa ba.

Amsar tana cikin sunan jiharmu. Jigawa ita ce ƙasar rairayi mai taushi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Auduga ta fi son ƙasa mai nauyi irin ta Funtuwa da Malumfashi. Wanda ya taɓa cirar gyaɗa a gonakin Kiyawa ya san yadda take: ka kama gindin, ka girgiza, yashi ya zube, 'ya'yan su fito tas. Ana shuka ta tsakanin gero da dawa, ta ƙara wa gona ƙarfi, harawarta ta ciyar da tumaki da rani. Uwa uba, ana cin ta. In farashi ya faɗi, uwargida ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Mai auduga kuwa ba ya da abin sawa a tukunya.

Saura kuma yadda labarin farashin gyaɗa ya isa ƙauye cikin damina ɗaya. Nan fataken goro suka shigo, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka daɗe suna bin hanyar Gwanja, suna da jari da yara da amana a kowace kasuwa. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka karɓi kuɗin kamfanonin Turawa, suka tura yaransu karkara suna ba da bashi tun kafin shuka. Alhassan Dantata ya biyo baya, ya zarce kowa. A can Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsiro a yi majarin, saboda haka buƙata ta tashi. Ga haraji, wanda hukuma ta koma karɓa da kuɗin Bature maimakon wuri. Manomi ya lissafa, ya zaɓa. Da layin Nguru ya kammala a 1930, dalar gyaɗa ta tashi har a Malam Madori.

Masana tattalin arziki sun so wannan labari ƙwarai, don ya yi kama da abin da Adam Smith ya faɗa a 1776, wanda Hla Myint na Bama ya farfaɗo da shi a 1958: ƙasa kan kasance da filaye da hannaye da ke zaune banza, sai cinikin waje ya buɗe musu kafa, a samu riba ba tare da an rasa komai ba.

A nan nake tsayawa, don ban yarda akwai hannun da ke zaune banza da damina a ƙasar Hausa ba. Kowace kunya da aka ba gyaɗa, daga wani wuri aka ɗauko ƙarfin yin ta. Binciken Mohammed Bashir Salau a kan garin Fanisau da ke kusa da Kano ya nuna bayin gandu sun noma wani kaso nata, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Sauran kuma daga lokacin noman hatsi aka yanko.

Daminar 1913 ce ta nuna hakan. Ruwa ya ɗauke, rumbuna ba su da ajiyar da za ta kai, aka shiga yunwar Kakalaba ta 1914, wadda masani Michael Watts ya bi diddiginta a littafinsa na 1983. Mutane da yawa sun mutu a lardin Kano, ciki har da ƙasar da ake kira Jigawa yanzu. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka tsira sun fara cika rumbu da gero da dawa, sannan suka koma wa gyaɗa.