Ma'anar "Lateral": Daga Sassan Jiki Zuwa Furucin Lugu

Kalmar "lateral" ta samo asali ne daga "latus" ta Latinanci, wato gefe. A ilimin sassan jiki, akan ƙaddara wani layi da ya raba jikin mutum biyu, dama da hagu. Sashen da ya fi nisa da wannan layi shi ake kira lateral. Kunne lateral ne in an gwada shi da ido, ido kuwa lateral ne in an gwada shi da hanci. Ke nan kalmar ba ta nufin dama ko hagu, kuma ba ta tsayuwa sai an san tsakiya. Da ita masana halittu ke siffanta saiwoyin da ke tsirowa daga gefen uwar saiwa, da layin jikin kifi wanda yake jin motsin ruwa da shi.

Ilimin furuci ma wannan ma'ana ya ara. Wajen furta /l/, tsinin harshe kan tokare hanƙa ya toshe tsakiyar baki, iska ta zurare ta gefe. Masana Hausa na kiran wannan sauti ɗan jirge.

A Lugu, garin Sarauniya da ke ƙasar Arewa, kamar a sauran Hausar yamma, ɗan jirge kan zo a ƙarshen gaɓar kalma inda Kananci ke da /r/: halshe, halbi, galma, ƙalƙashi. Ɗalibin da ya naɗo maganar dattawan garin, sannan ya mayar da "halbi" "harbi" wajen rubutawa, ya shafe hujjar da ya je nema.