MOTAR TSERE MAI TAKARDAR "SALBEJ": A YI HATTARA DA KYAN ƊAN MACIJI

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan da ta tashi daga Apapa ta nufi Oshodi, in ya iso Berger, kusa da Mile 2, ba zai rasa ganin motoci jere reras ba, an wanke su an goge suna ta walƙiya a rana. A tsakanin Toyota da Honda da suka cika filin, jefi-jefi akan ga wata 'yar gajeruwa mai ƙofa biyu, ja ko baƙa, hancinta kamar zai taɓa ƙasa. Irin waɗannan su ne motocin tsere, watau su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, waɗanda samari ke kwana da su a rai.

Cikin masu wannan buri har da 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, da na Sabon Badun da Shagamu. Yaro ya baro gida, ya yi shekara da shekaru yana fama a kasuwar canji ko ta shanu ko ta kayan gwari, ya tara abin da ya tara, yana so ranar Salla a gan shi a garinsu cikin motar da babu irinta. Sai dillali ya nuna masa wata, ya faɗi kuɗin da bai kai na sa'o'inta ba ko kusa. In ya tambayi dalili, a ce masa ai 'yar gogayya ce kawai ta samu a Amurka, an kuwa gyara. To, sau da yawa wannan 'yar gogayyar ita ce ta sa hukuma a can ta buga wa takardar motar hatimin da ake kira "salbej".

MENE NE SALBEJ?

A Amurka kowace mota tana da takardar mallaka wadda gwamnatin jiha ke bayarwa. In mota ta yi haɗari, kamfanin inshora yakan aiko ma'aikacinsa ya ƙiyasta kuɗin gyara, ya gwada da darajar motar kafin haɗarin. Idan gyaran ya yi tsada da yawa, sai kamfanin ya biya mai ita, ya karɓe motar, a canja mata takarda a rubuta cewa ta salbej ce, watau an yafe ta. Kowace jiha da nata ma'auni. A Jihar Niyok in gyara ya haura kashi 75 cikin 100 na darajar mota ta shiga wannan layi, a Teksas kuwa sai gyaran ya haura darajarta baki ɗaya.

Ga misali. A ce mota darajarta dala 20,000 ce, aka ƙiyasta gyaranta a kan dala 16,000. Kashi 80 cikin 100 ke nan, saboda haka a Niyok ta zama salbej. Mota mai irin wannan takarda ba ta da izinin hawa titi a can sai an gyara ta, hukuma ta duba, sa'an nan a ba ta wata takarda mai nuna cewa gyararriya ce. Ko an yi haka tabon yana nan a tarihinta, kuɗinta ya faɗi, bankuna da kamfanonin inshora kuma suna ɗari-ɗari da ita.

Ba haɗarin hanya kaɗai ke jawo wannan hatimi ba. Akwai gobara, akwai ruwan ƙanƙara da ke lotsa rufi da boneti, akwai motar da aka sace aka gano ta bayan an biya mai ita, akwai kuma ambaliya. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey wadda ta mamaye birnin Houston a 2017, kowaccensu ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci.

HANYARTA ZUWA IKKO

Dattawa za su tuna lokacin da ma'aikaci ke sayen mota sabuwa fil, bayan da aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko cikin 1975. Da darajar Naira ta soma faɗuwa daga 1986, sai jama'a suka koma ga tokumbo, watau 'yan Kwatano, yawancinsu daga Turai. Daga baya kasuwa ta karkata Amurka, inda kamfanonin inshora ke kai motocin da suka karɓe wurin manyan 'yan gwanjo irin su Copart da IAA. Ta intanet ake yin gwanjon, ɗan kasuwa yana zaune a Ikko ya taya mota ta hannun wakilinsa, a ɗauko ta zuwa tashar jirgin ruwa kamar Baltimore, a sauke ta a Tin Can.

Ranar 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya ƙara wa tashoshin Ikko aiki. A 2022 kuma Hukumar Kwastan ta soma yanka kuɗin fito bisa lambar shasin mota, har wakilan fiton kaya suka yi yajin aiki a kan haka. Daɗin daɗawa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Duk waɗannan sun sa mota lafiyayya ta fi ƙarfin mutane da yawa, 'yan kasuwa suka ƙara raja'a a kan masu rauni.

Ba laifi ba ne sayen irin wannan mota, kuma ba dukansu ne matattu ba. Ladan makaniki a Amurka yana da tsada ainun, saboda haka lotsewar da aka yafe mota dominta a can, mai gyaran bodi a Mushin zai iya tayar da ita da kuɗi kaɗan. Motar da ƙanƙara ta lotsa, ko wadda aka sace aka gano ta lafiya, tana iya yi wa mutum aiki shekara da shekaru. Inda gizo ke saƙar shi ne, da zarar mota ta fito daga tasha aka yi mata rajista a Nijeriya, takardunta na nan ba sa nuna hatimin da aka buga mata a can. Mai sayarwa ya san tarihinta, mai saye kuwa fenti kawai yake gani.

ABIN DA FENTI KE ƁOYEWA

Aibu na farko shi ne lanƙwasar ƙashin mota. Motocin zamani an ƙera gabansu ne domin ya murƙushe ya shanye ƙarfin karo, mutanen da ke ciki su tsira. Ƙarfen da ya riga ya murƙushe, aka ja shi da sarƙa, aka gasa da wuta, aka yi masa walda, ba zai sake yin wannan aiki yadda ya kamata ba. In aka sake yin karo, jikin direba ne zai sha abin da ƙarfe ya kasa shanyewa.

Na biyu shi ne jakar iska, wadda ke fashewa daga sitiyari ta tare ƙirji da fuska. Sau ɗaya take aiki, sabuwarta kuma tana da tsada. Saboda haka wasu marasa tsoron Allah sukan rufe gurbinta da murfi babu kome a ciki, su yi wa waya dabara domin fitilar gargaɗi ta mutu. Haka nan bel ɗin kujera, wanda na'urarsa ke ƙamewa bayan karo, shi ma sai an sake shi.

Na uku, wanda ya fi duka sharri, shi ne ruwa. Motar da ta kwana cikin ambaliya, musamman ruwan teku mai gishiri, tana iya tashi lafiya lau ranar ciniki. Amma tsatsa tana nan tana cin wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa inji da giya da birki. Bayan 'yan watanni sai ciwo ya soma, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar gada. Makaniki ya yi ta canje-canje, ba a gane bakin zaren ba.

MOTAR TSERE DABAN TAKE

Duk abin da aka faɗa ya shafi kowace mota, amma ta tsere ta fi. Da fari, don gudu aka yi ta, masu gudu kuma ke sayenta, saboda haka sau da yawa karon da ta yi ba na wasa ba ne. Mustang GT tana da inji mai silinda 8, lita 5, ƙafafun baya ke tura ta. Ƙashin da ya karkace da ɗan yatsa ɗaya ba lalle a ji shi cikin cunkoson Ikorodu Road ba, amma a kan hanyar Badun, mota tana cikin gudu, nan zai nuna kansa.

Na biyu, kayan gyara. A kasuwar Ladipo mai Corolla ko Camry zai sami abin da yake nema kafin ya gama shan ruwa. Mai Camaro kuwa sau da yawa sai ya aika Amurka, ya biya da dala, ya jira makonni. An ma daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Camaro kuma ƙirar 2024 aka tsaya. Har ila yau boneti da fikafikan gaba na Mustang ƙirar 2015 na alminiyam ne, wanda ba kowane mai walda ya iya aikinsa ba.

Na uku, hanya. Tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa bai wuce inci 5 zuwa 6 ba. Ramukan Apapa da ruwan daminar Ikko ba su san da haka ba, balle tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano. Ga shan mai, alhali kuwa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. In kuma aka tashi sayarwa, masu neman mota mai ƙofa biyu kaɗan ne, masu neman wadda ta yi haɗari sun fi kaɗan.

YADDA AKE BINCIKE

Makamin mai saye shi ne lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun 1981 kowace motar da aka yi domin kasuwar Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, babu I ko O ko Q a ciki. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. A tabbata biyun sun dace da juna, sun kuma dace da ta takarda. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera motar, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira, saboda haka dillali ba zai iya rage wa mota shekaru ba.

Da wannan lamba za a iya sayen tarihin mota daga Carfax ko AutoCheck, a ga ranar haɗari, da irin takardar da aka ba ta, da yawan milolin da ta ci. Mai saye ya nemo rahoton da kansa, kada ya dogara ga wanda aka buga aka miƙo masa. Bugu da ƙari, in aka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo sukan fito, a gan ta yadda take kafin a taɓa ta. Gani ya kori ji. Amma ko rahoto ya fito fes, ba a nan za a tsaya ba, domin akwai masu yawo da mota daga jiha zuwa jiha har hatimin ya ɓace.

Sai a zo da makanikin da mai saye ya amince da shi, ba na dillali ba, a duba mota da rana tsaka. A ɗaga ta a leƙa ƙasa, a nemi sabuwar walda ko ƙarfe mai tamoji. A duba ko tazarar ƙofofi da boneti daidai take hagu da dama, ko launin fenti ya saɓa. A ɗaga kafet, a leƙa gurbin safaya da ƙarƙashin kujeru, a nemi tsatsa ko busasshen laka ko warin ruma. Motar da aka cika ta da turare abar tuhuma ce. In an murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama, sa'an nan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kama ba sam, akwai magana. A jona na'urar bincike ta kwamfuta, a kuma hau titi a ga ko tana ja gefe ɗaya, ko tayoyinta sun cinye ta ɓangare guda.

TAKARDU DA CINIKI

Kafin a biya ko kwabo, a kai takardun fito ofishin Kwastan a tabbatar na gaskiya ne, an kuma biya kuɗin cikakke, domin motar da aka yi wa ha'inci a fito ana iya kama ta a hanya ko da ta canja hannu. A kuma sani cewa inshorar dole, wadda ta koma Naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta biyan motar mai ita.

Idan bincike ya nuna raunin bai taɓa ƙashi ba, ba ruwa, jakar iska tana nan, to ana iya ciniki, amma a kan kuɗin motar da ta yi haɗari, ba na lafiyayya ba. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, mai sayarwa ya ambaci aibun da ya sani, a sa lambar shasi a ciki. A kuma rage wani abu a aljihu domin gyaran da zai biyo baya. Dillalin da ya hana a kwafi lamba, ko ya ce ba a kawo makaniki, ko ya dage sai a biya yau domin wani na tafe da kuɗi, ya riga ya ba da amsa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin gudu shi ne mutum ya sayi rariya a kan kuɗin ƙwarya. Guminsa na shekaru ne a ciki, kuma shi da ƙannensa za su shiga motar su kama hanyar gida. Kwana biyu na bincike da ɗan ladan makaniki ba su kai wannan tsada ba.