Karfasa iri-iri ce: abin da ya kamata ku sani kafin ku zuba kifi a ruwa

A ƙasar Korgom da Tasawa da Mayahi babu kogin da ke gudu rani da damina. Ruwanmu na tabkuna ne, sai ɗan ramin siminti ko na tamfol da mutum zai yi a gida. Banda gaiwa, mai shiga laka ta kwanta har ruwa ya dawo, yawancin kifin da zai rayu a irin wannan wuri hannun mutum ne ke kawo shi. Saboda haka wanda ya sayo ƴaƴan kifi shi ke yanke wa tabki hukuncin irin da zai zauna a cikinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Matsalar daga suna take farawa. Mai saye ya ce a ba shi karfasa dubu, mai sayarwa ya ƙirga masa. Alhali abin da muke kira karfasa a ruwayen Kwara da Tabkin Chadi ya kai iri huɗu, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Wadda masu kiwo ke nema ita ce karfasar Nilu, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus. Wutsiyarta za ka duba. Tana da baƙin zane a tsaye, layi bayan layi, a jere tsaf. Ita ta fi saurin girma, kuma macen ce ke ɗaukar ƙwai a baki har ya ƙyanƙyashe. Ƴar'uwarta ta kusa, Oreochromis aureus, jikinta na ɗaukar shuɗi-shuɗi, bakin wutsiyarta ja-ja ne, ba ta da wancan jerin zane. Waɗannan biyu su ne abin lura, domin in suka haɗu a ruwa ɗaya suna iya hayayyafa da juna. Akwai kuma Sarotherodon galilaeus, fara-fara mai faɗin jiki da ƙaramin baki, wadda namiji da mace duka ke riƙon ƙwai a baki.

Ta huɗun ita ce mai jan ciki, Coptodon zillii, kuma ita ce ta fi ɓata wa mai kiwo lissafi. Ba ta ɗaukar ƙwai a baki. A ƙasan ruwa take zuba shi, iyayen biyu su tsaya gadi suna korar duk wanda ya matso. Tana cin ciyawar ruwa, tana haihuwa tun tana ƙarama, girmanta kuwa bai kai na ta Nilu ba. Ba ta cika haɗa iri da sauran ba, amma in ta shiga rami sai ta cika shi da ƙanana masu cin abinci ba sa kai kasuwa. Tana da baƙin ɗigo a ƙarshen ƙayar bayanta. Sai dai ƴaƴan karfasa gaba ɗaya da wannan ɗigon suke tashi. Na ta Nilu yakan dushe in ta girma, na mai jan ciki ya zauna. Shi ya sa kifin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ke ruɗar har wanda ya daɗe a sana'ar. In kana son tabbaci, ɗaga murfin da ke bayan kan babban kifi, inda yake numfashi, ka ƙirga ƴan tsinkayen da ke jere a sashen ƙasa na ƙashin farko. Na mai jan ciki ba sa wuce 12, na ta Nilu sukan kai 20 ko fiye.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga zancen tsare iri. Duk wanda ya ga yadda jar akuyar Maraɗi ke sauya launi da fata in an bar ta da kowane bunsuru ya san abin da ake nufi. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Turai ma sun daɗe da wannan darasi, kuma da dangin karfasa suka koye shi. Ɗaya daga cikin ƙananan kifayen da suka fi so, Pelvicachromis pulcher, daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru ya fito. Wasu kuma, da ake kira Apistogramma, na Kudancin Amurka ne, kuma matansu sun yi kama da juna ƙwarai. Masu kula a cikin masu ajiyar, kowane iri akwatinsa daban, har da rubuta sunan rafin da aka kamo shi.

Ba na cewa kifi ruwa-biyu bala'i ne a kowane hali. A shekarun 1960 masu bincike a Isra'ila sun gano cewa in aka haɗa macen Nilu da namijin mai shuɗi, kusan duk ƴaƴan maza suke fitowa. Namijin karfasa ya fi mace girma, kuma rami ba ya cika da ƙanana. Amma dabarar tana aiki ne muddin iyayen tsantsa ne. Da zarar ruwa-biyu ya kutsa cikin iyaye, sai mata su dawo da yawa, ribar ta tafi. Haka yake ga haɗin tarwaɗa da ramboshi da ake yi da allura a gidajen ƙyanƙyasa: kifin ci ne da sayarwa, ba na ajiyewa a matsayin iri ba.

Ɓarnar ta fi muni in abin ya fita daga rami ya shiga ruwan kowa. A shekarun 1950 aka zuba karfasar Nilu a Tabkin Biktoriya na Gabashin Afirka. Karfasar asali ta tabkin, mai suna Oreochromis esculentus, wadda masunta suka dogara da ita, ta kusa ƙarewa a can. Gasar abinci da giwan ruwa da aka kawo da kamun wuce gona da iri duk sun taimaka, ana kuma lissafa haɗuwar iri a ciki. Kifin da ya gauraye a tabki babu taru da zai tace shi.

To, kai mai niyyar kiwo, kada ka tsaya a kallon ƴaƴan da ke cikin bokiti. Ka ce a nuna maka iyayen, ka kama biyu ko uku ka dubi wutsiya da ciki. Mai ƙyanƙyasar da ya hana ka ganin iyaye, ka bar masa kayansa. In kana da iri biyu, kowanne da raminsa da homarsa, ka kuma sa raga a bakin mashigar ruwa da mafitarsa, musamman a watan Agusta da ruwa ke tumbatsa. Kada ka riƙa cire iyaye daga ƴaƴan uwa ɗaya shekara da shekaru, ka nemo sabon jini daga wurin da ka yarda da shi.

Masu gari da sarakunan ruwa kuma, don Allah kada a bar kowa ya juye ragowar kifinsa a tabkin gari. Kafin a zuba ko ɗaya, a kira ma'aikatan gandun daji, waɗanda ke kula da sha'anin kamun kifi a Nijar, su duba irin da aka kawo.