Manya Masu Galahanga: Wa Ya San Yininsu Bayan Inna?

Shirinmu na musamman yau ya bi titin da ya fita birnin Sakkwato ta kudu, ya ratsa Boɗinga ya nufi Shagari. Batunmu kuwa manya ne masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim.

Da gangan na ce manya. Duk ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa wannan lalura tun 2007, zancen yara ake yi. To ai yaro girma yake. Gemu zai fito, yarinya za ta zama mace, lalurar kuma tana nan, don haka aka halicci ƙwaƙwalwar, ba zazzaɓi ba ne da zai sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ku auna wannan da yawan gidajen Sifawa da Dingyaɗi, da Kajiji da Dandin Mahe. Suna cikinmu. Wani a ce masa gaula, wani a ce iska ta taɓa shi, wani kuwa manomi ne da iyalinsa, sai dai a ce wane ba ya son mutane.

Abin da ke wahalar da su sau da yawa ƙarami ne a idon mai lafiya. Wanka, alal misali. Wani ba ƙazanta ke hana shi ba, soson ne ke ji masa kamar ƙaya, ko ƙanshin sabulun ya hau masa kai. A sauya masa da tsumma mai laushi da sabulu marar ƙanshi, sai a ga rigima ta ragu. Wani ƙarar injin aski ke firgita shi, amma zai zauna wa wanzamin da ya saba da shi har a gama. Wani tuwo da miyar kuka kaɗai zai ci, a kwanon da ya sani. Kada a mai da wannan faɗa. A riƙa shigo da sabon abu kaɗan-kaɗan a gefen wanda ya saba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zafin ƙasar nan. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kuma da yawa daga masu galahanga ba sa gane ƙishirwa ko ciwo da wuri, wasu kuma sun gane amma bakin faɗa babu. Mutum zai wuni a rana bai nemi ruwa ba. Haƙori na cinsa, ko kunne, sai dai a ga yana dukan kansa, a ce aljanun sun motsa. Kafin a kira mai ruƙiyya, a duba bakinsa, a taɓa jikinsa, a tambaya yaushe rabonsa da bayan gida.

Muna kuma da wani gata da likitocin Turai ke zanawa a takarda su liƙa a bango: tsarin yini. Mai galahanga yana samun natsuwa idan ya san abin da ke biye. Mu kuwa ladan ya riga ya raba mana yini gida biyar. Asuwaki da kunu bayan Asuba, wanka kafin Azahar, moɗar ruwa bayan kowace sallah. Idan tafiya ta kama, ko biki zai kawo lasifika ƙofar gida, a sanar da shi tun jiya, a tanadar masa ɗakin da zai fake.

Bari in kai ku Amurka. A 1943 likita Leo Kanner ya bayyana wannan lalura a kan yara 11. Na farkonsu, Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Forest a jihar Misisipi. Yana yaro aka kai shi riƙo wurin wani manomi da matarsa. Da suka ga ƙidaya da awo ne abin sonsa, sai suka sa shi ƙirga kunyoyin masara yana huɗa, suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta. Ya girma ya yi aiki a banki, yana tuƙa motarsa, mutanen garin suna kare shi, har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowa zai kai inda ya kai ba, kuma danginsa masu hali ne. Amma kunya da rijiya, ai ba mu rasa su ba a bakin madatsar ruwan Shagari. Mai son dabbobi a ba shi kiwo, mai son jera kaya a sa shi ware albasa.

Sai dai a gidaje da yawa duk wannan sani yana kan mutum ɗaya: Inna. Ita ta san ma'anar kowane gurnani, ta san rigar da ba ya yarda a sa masa. Inna kuwa tsufa take. Ranar da ta kwanta, sai a ga mutumin da ya shekara talatin lafiya lau ya birkice, ƙarshe a sa masa mari. Shi ya sa tun tana da ƙarfi ya kamata ƙane ko ƙanwa ko baffa su zauna su koya, wanda ya iya boko ko ajami ya rubuta. A kuma daina yi masa abin da zai iya koya da hannunsa, ko da zai ɗauki shekara. Ga mata abin ya fi tsanani: a koya mata tsaftar al'ada mace da mace, a koya mata cewa a'a, kuma aurar da ita ba magani ba ne.

Ta fuskar asibiti, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin birni, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, wanda ɗan Shagari sai ya keta Sakkwato kafin ya isa. Babu ƙwayar da ke cire galahanga, amma akwai maganin farfaɗiya, wadda takan zo tare da ita, da taimako kan rashin barci da fargaba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafe su su ma. In za ku je, ku tafi da wanda ya fi sanin halinsa, ku riƙe ruwa da abincin da ya saba, ku kuma roƙi ma'aikata su bar shi ya jira a inda babu hayaniya.

A nan za mu dakata.