Kula da lafiyar dawakai

Kula da lafiyar dawakai reshe ne na likitancin dabbobi wanda ya shafi riga-kafi, da gano cuta, da magani, da tiyata ga doki da danginsa na kusa, wato jaki da alfadari. Aikin ya rataya ne a wuyan mutum uku: mai kula da doki a barga, wanda ke ganinsa safe da yamma, da mai gyaran kofato, da likitan dabbobi. Duk da girman jikinsa da ƙarfinsa, ƙaramin abu ne ke kayar da doki. Sauya masa abinci dare ɗaya, ko ƙusa da ya taka, na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki, kuma da yawa daga cikin cututtukan da ke kisa ba su da magani idan sun riga sun kama shi. Saboda haka mafi yawan aikin ana yin sa ne tun doki bai kwanta ba.

Tarihi

Likitancin dabbobi na zamani daga doki ya samo tushe, domin kafin zuwan mota shi ne abin yaƙi da sufuri. A ƙarni na 14, Abubakar ɗan Badar, likitan bargar Sarkin Masar al-Nasir Muhammad, ya rubuta littafin Kamil al-Sina'atayn a kan kiwon dawakai da maganinsu. Makarantar likitancin dabbobi ta farko a Turai an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1761, kuma wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, malamin koyar da hawan doki ne. Ta Landan ta biyo baya a 1791. A Alƙahira, wata Baturiyar Ingila mai suna Dorothy Brooke ta buɗe asibitin dawakai a 1934 bayan ta ga halin da tsofaffin dawakan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka shiga. Daga wannan asibiti ƙungiyar Brooke ta samo asali, wadda har yau take kula da dawakai da jakunan dako a ƙasashe da dama.

Awon lafiya

Abin da likita ke fara yi shi ne awo. Zafin jikin babban doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Selsiyos. Zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa, numfashinsa kuma kamar sau 8 zuwa 16. Ana ɗaga leɓensa a duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai laima, kuma idan aka danna shi da yatsa launinsa yakan dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashi fari alamar ƙarancin jini ne, rawaya kuma alamar shawara. Daga nan likita zai saurari ciki ta gefe biyu, domin cikin doki mai lafiya ba ya rabuwa da ƙugi. Shirun ciki abin tsoro ne.

Duk waɗannan abubuwa ne da mai barga zai iya koya cikin yini ɗaya, in dai yana da agogo da ma'aunin zafi, kuma su ne farkon abin da likita zai tambaya idan aka kira shi a waya.

Ciki da abinci

Ciwon ciki yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe dawakai a duniya, dalili kuwa yana cikin halittar dabbar. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, amma ƙaramin hanjinsa ya kai kimanin mita 20, babban hanjin kuma yana da lanƙwasa inda abinci kan toshe. Sannan doki ba ya iya amai, saboda ƙofar tumbinsa ba ta barin abin da ya shiga ya dawo. Idan iska ko ruwa suka taru ba su da mafita ta sama, har tumbi kan fashe.

An halicci doki ne don ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan kusan yini duka. Wanda aka ɗaure a turke ana cika masa akushi da gero ko dawa sau biyu a rana yana rayuwa ne saɓanin haka. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, ya kawo kumburi. Ka'idar da likitoci ke bi ita ce ciyawa, ko ingirici, ko harawa su zama mafi yawan abincin, a raba hatsi da dusa kashi-kashi, kuma duk wani sabon abinci a shigar da shi sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ruwa ma haka: doki yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, ya fi haka a lokacin bazara. A ƙasa mai rairayi akwai ƙarin matsala, domin dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yakan haɗiyi yashi har ya taru a hanji, wanda aka sake a gari kuma yakan ci leda da igiya. Abincin kaji ma haɗari ne, saboda wani lokaci akan sa masa sinadarin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Alamun ciwon ciki su ne doki ya ƙi abinci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima da gumi. Mafi yawan lokuta yakan warke da allurar kashe zafi da ruwa ko man da likita ke zubawa ta siririn tiyo da ake zura wa ta hanci zuwa tumbi. Kaɗan ne ke buƙatar tiyata, kamar idan hanji ya murɗe, kuma a nan sa'o'i kaɗan ne ke raba rai da mutuwa. Bugun zuciya da ya haura 60 a minti alama ce cewa lamarin ya yi tsanani. Al'adar ɗaga kan doki a ɗura masa mai ko jiƙo da kwalba tana da haɗari ƙwarai, domin idan ya shaƙe, abin yakan gangara huhu ya haifar da ciwon da ya fi na farkon muni.

Kofato, haƙora da baya

Kofato yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka akan datse shi duk mako shida zuwa takwas. Idan aka bar shi ya yi tsawo sai ya tsage, ya karkatar da gaɓoɓin ƙafa. Ciwon kofato mafi muni shi ne kumburin naman da ke manne ƙashin ƙafa da bangon kofato daga ciki. Cin hatsi fiye da kima yana kawo shi, haka ƙiba, haka mabiyiya da ta maƙale a cikin goɗiya bayan haihuwa. Dokin da ya kamu yakan tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya. Wannan ciwo shi ne kuma dalilin da ya sa karayar ƙafa ke da wuyar jinya a doki: ba ya iya daɗewa a kwance, idan kuma ya ɗora nauyinsa a ƙafa uku, mai lafiyar sai ta kamu. Barbaro, dokin da ya ci gasar tseren Kentucky a Amurka a 2006, ya karye bayan mako biyu, an yi masa tiyata, amma ciwon kofato ya sa aka kashe shi a watan Janairun 2007.

Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan duk rayuwarsa, kuma da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefen turamen yakan yi kaifi ya yanki kumatu da harshe. Dokin da ke zubar da abinci daga baki, ko yake faɗa da linzami, ko yake ramewa alhali yana ci, a fara duba bakinsa. Akan goge kaifin da magagari sau ɗaya a shekara. Miki a baya kuwa, sirdin da bai zauna daidai ba ne ke kawo shi, kuma babu maganin da zai warkar da shi muddin ana ci gaba da ɗaura wannan sirdin.

Cututtuka masu kamawa

Ciwon sarƙewar haƙora, wanda ƙwayar Clostridium tetani ke kawowa, ya fi kama doki fiye da sauran dabbobin gida. Ƙwayar tana cikin ƙasa da kashi, tana shiga ta rauni mai zurfi, kamar hudar ƙusa, ko wurin fiɗiya, ko cibiyar dukushi. Bayan mako ɗaya zuwa uku jiki yakan sandare, wutsiya ta ɗage, baki ya ƙi buɗuwa. Fiye da rabin waɗanda suka kamu ba sa tashi, alhali allurar riga-kafinsa tana cikin mafi araha da inganci.

Cutar dawakai ta Afirka ita ce aka fi tsoro a kudu da Hamadar Sahara. Ƙwayar bairos ce mai nau'i tara, kuma ba ta wucewa kai tsaye daga doki zuwa doki. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne na dangin Culicoides ke ɗaukarta, waɗanda ke fitowa daga magariba zuwa asuba, suka fi yawa kuma a damina da bayanta. Tana zuwa ta fuskoki dabam-dabam. Idan ta kama huhu, doki yakan yi zazzaɓi, numfashi ya gagara, kumfa ta riƙa fita ta hanci, ya mutu cikin sa'o'i. Idan ta kama zuciya, kai da wuya sukan kumbura, musamman ramin da ke saman ido. A cikin dawakan da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma, jaki kuwa ya fi jure mata nesa ba kusa ba, jakin dawa kuma yakan ɗauke ta ba tare da ya nuna alama ba. Daga 1959 zuwa 1961 ta tsallaka Gabas ta Tsakiya har Indiya, inda ta kashe dabbobi fiye da 300,000. Ta ɓulla a Sifen a 1987 bayan an shigo da jakunan dawa daga Namibiya, sannan a Tailan a 2020. Ba ta da magani. Abin yi shi ne riga-kafi kafin damina, da shigar da dawakai barga mai ragar sauro kafin faɗuwar rana, da shafa musu maganin ƙwari.

Murar dawakai ba ta kai wannan kisa ba, amma ta fi saurin yaɗuwa, domin ta iska take bi. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta ratsa Afirka ta Yamma, har da Jihar Sakkwato da Nijar da Senegal, kuma jakuna ne suka fi mutuwa, dubbai a jere. Kaska tana kawo zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini, ya bar doki da shawara da kasala. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ne ya hana kiwon doki bunƙasa a kurmin kudu, har daular Oyo ta dogara da sayen dawakan yaƙinta daga arewa. Akwai kuma wata cutar fata mai fito da marurai a jere a kan ƙafa da wuya, wadda ta yi ƙamari a cikin dawakan amalanke na Habasha, ana kuma samunta a yankin Sahel. Ƙuda da kayan doki da ake aro tsakanin barguna suna taimaka mata yaɗuwa.

Tsutsar ciki kusan babu dokin da ba shi da ita. A da akan ba da magani duk bayan 'yan makonni, amma hakan ya sa tsutsotsi da yawa suka daina jin magani. Yanzu likitoci sun fi son a auna kashi a ɗakin gwaje-gwaje, a ba wanda yake buƙata, a kuma riƙa kwashe kashin barga kullum.

Haihuwa

Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata goma sha ɗaya. Naƙudarta gajeruwa ce, kuma idan ruwa ya fashe aka yi rabin sa'a ɗan bai fito ba, sai a nemi likita nan take. Dukushi yana buƙatar shan dakashi a sa'o'in farko, domin daga nan yake samun garkuwar jiki, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara ɗaukarta.

A ƙasar Hausa

Doki yana da tsohon matsayi a masarautun Hausa, har akwai sarautu da aka gina a kansa, kamar Shamaki mai kula da bargar sarki, da Madawaki da Sarkin Dawaki. Yau hawan sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Kano a jerin al'adun gado na duniya a 2024, da wasan folo a Kaduna da Kano da Katsina, da sukuwa, su ne suka riƙe kiwonsa. Masu barga na gargajiya suna da ilimi mai yawa game da halin doki da abincinsa, kuma ba shi kanwa da gishiri tsohuwar al'ada ce. Sai dai wasu hanyoyin, kamar lalas da ƙarfe mai zafi a kan kumburi, suna buɗe ƙofa ga ciwon sarƙewar haƙora fiye da yadda suke warkarwa.

Hukumar kula da dabbobi ta zamanin Turawa, wadda ta kafa cibiyarta a Vom kusa da Jos a 1924, ta fi mai da hankali ne ga shanu da cutar bushiya. A yau jami'o'in Ahmadu Bello da ke Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Maiduguri suna horar da likitocin dabbobi, suna kuma da asibitocin koyarwa da ke karɓar dawakai. Likitocin Nijar da yawa a makarantar haɗin gwiwa ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, suka yi karatu. Duk da haka likitan da ya ƙware a doki kaɗai ba shi da yawa, wurin tiyatar ciki ya fi shi ƙaranci, shi ya sa mai doki kan sayi allura a kasuwa ya yi da kansa. Maganin kashe zafi da aka ba da fiye da kima yana ɓata ƙoda, yana kawo gyambon ciki, yana kuma ɓoye alamun da likita ke buƙatar gani.

Lokacin hawa da gasar folo shi ne lokacin da haɗari ya fi yawa, domin dawakai daga garuruwa dabam-dabam kan taru wuri ɗaya, su sha ruwa a kwami ɗaya, wasu ma aro aka yi su. Dawakan folo da ake shigowa da su daga Ajantina ba su da garkuwar da na gida suka samu, don haka su ne cutar dawakai ta Afirka ke fara kayarwa. Shawarar likitoci ita ce duk dokin da ya dawo daga taro, ko aka sayo sabo, a ware shi mako biyu zuwa uku da bokitinsa da kayansa, ana auna zafin jikinsa safe da yamma kafin a haɗa shi da sauran.