Kyamarar Gadin Garke: Yadda Ake Auna Mata Faranti Da Batir

A zamanmu na watan jiya wani ɗan'uwa ya kawo kuka, wanda na tabbata ba shi kaɗai ke da irinsa ba. Ya tara shanu a wani zango kusa da iyaka, yana jiran Alhamis ya shigar da su kasuwar Maigatari, sai ya kafa kyamarar nan mai layin waya a jikin dogon yaro tun ranar Juma'a don ta riƙa aiko masa da hoto. Daren Talata aka kwance masa bijimai biyu. Da gari ya waye aka duba, ashe kyamara ta mutu tun tsakar dare, ba ta ga kowa ba. Shi dai ya ce mai shago ne ya cuce shi. Ni kuwa da na je na gani, kyamara lafiyarta ƙalau. Yunwa ce ta kashe ta, domin farantin solar da ke ciyar da ita yana cikin inuwa tun hantsi har la'asar.

Dalilin ɓoye kyamara a bishiya kowa ya san shi, ɓarawo in ya hango ta da ita zai fara. To amma ita wuta sai an yi mata lissafi, kuma lissafin bai fi na dusa da harawa wuya ba: nawa take ci a yini, nawa ke shigowa, nawa ke ajiye. Mudun da ake awon wuta da shi shi ne wat 1 na tsawon awa 1. Don sauƙi, mu kira shi mudu kawai.

Da farko a san cin kyamarar. Kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali, domin su masu ƙera ta sun yi ta ne don daji, inda dabba ke giftawa jefi-jefi. A garke kuwa saniya ba ta daina motsi, kowane motsi kyamara ta farka, ta kunna fitilarta ta dare, ta ɗauki hoto, ta aika. In sabis ba ƙarfi, kamar yadda yake a yawancin zangunanmu na bakin iyaka, cin ya ƙaru. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a cika ta da caji, a cire faranti, a kafa ta a garken, a ƙirga kwanakin da za ta yi kafin ta mutu. Misali an rubuta mAh 10,000 a batirin cikinta, irin na litiyom mai V 3.7. A ninka su a raba da 1,000, ya ba da mudu 37. In ta yi kwana 3, cinta kusan mudu 12 ke nan a yini.

Sai faranti. A ƙasashenmu na Sahel ana lissafa rana mai ƙarfi awa 5 zuwa 6 a yini, mu ɗauki 5. Ƙaramin farantin da ke zuwa tare da kyamara, a ce mai W 5, zai ba da mudu 25 a takarda. A cire kashi ɗaya cikin uku na asarar zafi da ƙura da waya, saura kamar 17. A fili ya wadatar. Amma a ƙarƙashin bishiya mai duhuwa da wuya ya ba da kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato mudu 3 da ɗan abin da ba a rasa ba. Ana cin 12 ana samun 3, kullum giɓin 9. Batir mai mudu 37 kwana huɗu zai yi. Daga Juma'a zuwa daren Talata ke nan, abin da ya sami ɗan'uwanmu daidai.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gani. Ƴan gidajen da ke jikin faranti a jere aka haɗa su, kamar shanu a igiya guda, in ɗaya ta turje duk sun tsaya. Inuwar reshe guda, ko kashin tsuntsu a kan gida ɗaya, na iya rage wutar fiye da rabi alhali sauran farantin yana cikin rana tsaka.

Wanda ya nace sai a inuwar, to mai W 20 ma da ƙyar zai kawo mudu 13, sai dai ya nemi mai W 30, kuma faranti mai wannan girma ya riga ya tona asirin kyamara. A ganina asarar kuɗi ce. Abin da ya fi shi ne a raba su: kyamara a bishiya, faranti mai W 10 a kan rufin rumfa ko dogon ƙarfe can a fili, inda zai ba da mudu 33, a jawo waya. Wayar ta zama mai kauri kuma kada ta yi tsawo ainun, don siririya shanye wuta take yi a hanya. A zura ta cikin bututun roba a binne, saboda kofato da ɓera da awaki.

Wajen zaɓen fili a tuna inuwa ba ta zama wuri guda. A yankin Maraɗi da Damagaram, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana, sauran shekara kuwa ta kudu. Inda ka ga sarari da damina, da hunturu sai ka tarar inuwa ta rufe shi. Gawo ma ya yaudari mutane da yawa, shi da ke zubar da ganye da damina, ya fito da sabo da rani, daidai lokacin hazo. A fuskantar da faranti kudu, a ɗan jingine shi kaɗan, a kuma sa yaro ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi, da hunturu ko da kullum ne.

Saura batirin waje, na jiran ranakun hadarin Agusta da na hazo. A ninka V da Ah. Mai V 12 da Ah 7 mudu 84 ne, amma in na darma ne rabi kawai ake taɓawa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Wato 42, kwana uku da rabi. Mai Ah 12 zai kai kwana 6, shi nake ba da shawara ga mai barin shanu ya tafi Ikko. Batirin babur bai dace ba, na tada inji ne, ba ya jure a zuƙe shi kullum. A sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da faranti, a ajiye shi a inuwa don zafi na rage masa kwana. Kafin a jona, a duba jikin kyamara, domin wata V 6 take sha ko V 5, in aka ba ta 12 kai tsaye ta ƙone nan take.