Hawan jini na dare ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau

Hawan jini na dare wani yanayi ne da jinin mutum ke hawa, ko ya ƙi sauka yadda ya kamata, a lokacin da yake barci. A jikin mai lafiya, jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan barci ya ɗauke shi, domin zuciya da jijiyoyin jini su huta. Ƙungiyar likitocin hawan jini ta Turai na ɗaukar cewa akwai matsalar idan matsakaicin awon lokacin barci ya kai 120/70, alhali a asibiti da rana sai ya kai 140/90 ake kiransa hawan jini. Bincike a ƙasashe irin su Italiya da Norway ya nuna cewa rashin saukar jini da dare ya fi yawa ga masu ɗauke da ƙwayar HIV fiye da waɗanda ba su da ita.

Hatsarinsa shi ne ɓuya. Mutum na iya zuwa asibiti da safe a auna shi a ce lafiya lau, amma kowane dare jininsa na wahalar da zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ba ya sa ciwon kai ko jiri da za su tashi mutum. Sau da yawa sai an kai ga shanyewar ɓarin jiki ko kumburin zuciya ake gane ya daɗe yana ɓarna.

Dalilai

Ko da magani ya danne ƙwayar cutar har ba a ganinta a gwaji, garkuwar jiki ba ta komawa cikakken hutu. Wannan tashin da take ciki na shekaru yana lahanta bangon jijiyoyin jini, su yi tauri, su kasa sakin jiki da dare. Ƙwayar na iya taɓa jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya ba da sanin mutum ba. Tana kuma iya lalata ƙoda, musamman ga mutanen Afirka ta Yamma masu wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOL1. Ƙodar da ta kasa fitar da gishiri da rana takan ci gaba da aikin da dare, kuma sai jini ya hau take iya yin hakan.

Magungunan ma na da nasu rabo. Tenofovir na iya taɓa ƙoda ga wasu. Dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko a 2019, yana sa wasu ƙiba ko rashin barci. Ƙiba kuwa na jawo minshari mai yanke numfashi, wanda ke cikin manyan sanadin hawan jini na dare. Duk da haka babu likitan da ke ba da shawarar a daina maganin ƙanjamau saboda wannan. Illar dainawa ta fi girma nesa ba kusa ba.

Yadda ake gane shi

Ana ɗaura wa mutum wata ƙaramar na'ura a damtse ya koma gida da ita na awa 24. Takan auna jini da kanta duk minti 15 zuwa 30 da rana, da dare kuma duk rabin awa ko awa ɗaya. Ana so mutum ya rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi. Wannan na da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda ake tashi sallar asuba, a watan azumi kuma ga sahur da tsayuwar dare; idan aka lissafa waɗannan sa'o'i a matsayin barci, sakamakon zai ruɗar da likita.

A Zariya

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar. Tun da gwamnati ta fara shirin ba da magani a 2002, da yawansu sun rayu har sun manyanta, shi ya sa cututtukan zuciya suka zama abin dubawa. A Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, sai dai awon da aka saba yi a ranar karɓar magani na rana ne, sau ɗaya. Na'urar awa 24 na da tsada. Ga kuma tsoron tsangwama: a gidajen cikin birni inda dangi da yawa ke zaune wuri ɗaya, abin da ke kumbura a damtse yana ƙara cikin dare ba zai rasa jawo tambaya ba, ga wanda bai bayyana ciwonsa ba.

Batun gishiri ba baƙo ba ne a tarihin likitancin garin. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun yi nazarin ciwon zuciya ga masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Kanwa, gishiri da dunƙulen miya duk sinadarin sodiyam ne ke cikinsu.

Magani

Ana farawa da rage gishiri, rage ƙiba, barin taba da duba lafiyar ƙoda. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya gano haɗin magani mai amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata, ko da yake ba a kan masu HIV aka yi shi ba. Dole likita ya san duk abin da mutum ke sha, domin ritonavir na ƙara yawan amlodipine a cikin jini.

An taɓa zaton shan maganin hawan jini da dare ya fi. Gwajin Hygia na Sifaniya ya goyi bayan haka a 2019, amma gwajin TIME na Birtaniya, mai mutum sama da 21,000, bai ga bambanci tsakanin safe da dare ba a 2022.